DARASI: TSOHUWAR KALMAR “SHRIVE” DA ABIN DA TARIHINTA YAKE KOYA MANA



Duk wanda ya taɓa duba kalandar Ikkilisiya da aka buga da Turanci ya ga cewa Talatar da Larabar Toka take biye da ita tana da suna na musamman, watau “Shrove Tuesday”. Rabin sunan na biyu ba ya ba kowa wahala, gama Talata ce kawai. Rabi na fari kuwa, har waɗanda suka yi nisa cikin karatun boko sukan yi shiru in an tambaye su ma’anarsa, mutanen Ingila da kansu ma da yawa ba za su iya amsawa ba. Dalili shi ne kalmar da ta haifi wannan suna, watau “shrive”, ta tsufa, ta fita daga bakin jama’a, sai a tsofaffin littattafai ake gamuwa da ita. A darasinmu na wannan karo za mu bi sawunta tun daga tushe, domin tarihinta na shekaru fiye da dubu yana ɗauke da koyarwa game da Sakramenti na Tuba, yana kuma ɗauke da gargaɗi ga kowace jama’a da take riƙe suna bayan ta saki abin da sunan yake nufi.

1. Siffar kalmar da ma’anoninta

Ana furta kalmar kamar “shiraib”, aikatau ce. In ana maganar abin da ya wuce sai ta zama “shrove”, in kuwa ana nufin wanda aka riga aka yi wa aikin sai a ce “shriven”. Sunan aikin shi ne “shrift”.

A zamanin da kalmar take raye tana da ma’ana uku masu haɗe da juna kamar duwatsun murhu. Ta fari, firist ya saurari ikirarin zunubi. Ta biyu, ya ɗora wa mai tuba aikin tuba da ya dace da shi. Ta uku, ya furta masa gafara da sunan Allah. Mai tuba kuma yana iya amfani da ita a kan kansa, yana nufin ya je ya furta zunubansa. Haka “shrift” take nufin ikirari, ko aikin tuba, ko gafarar da aka samu. A tsohon Turanci har shi firist mai sauraron ikirari da wannan suna ake kiransa. Daga cikin ma’anonin nan uku, ta biyu ce mafi tsufa, ita ce kuma za ta kai mu ga asalin kalmar.

2. Asalinta: daga rubutu

A tsohon Turanci, wanda ake magana da shi a Ingila kafin shekara ta 1100, ana rubuta kalmar “scrifan”, amma baƙaƙe biyu na farko ana furta su kamar “sh” namu na Hausa. Yawancin masana harshe sun yarda cewa aro ce daga kalmar Latin “scribere”, wadda ma’anarta ita ce rubuta. Kakannin Ingilishi da Jamusawa sun yi hulɗa da Romawa ta ciniki da aikin soja tun kafin su karɓi bishara, kuma a wurin Romawa suka ga rubutu da alƙalami da tawada. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, gama mu ma “alƙalami”, “littafi” da “tawada” daga Larabci muka aro su sa’ad da karatu ya iso ƙasar Hausa. Kowane abu yakan zo da sunansa.

A Jamusanci kalmar ta zama “schreiben”, a harshen Holan “schrijven”, a Faransanci, wanda shi ɗa ne na Latin, ta zama “écrire”, dukansu da ma’anar rubuta har wa yau. Turanci ya bi wata hanya dabam. Mutanen Ingila suna da tasu kalma, “writan”, wadda asalinta take nufin karta ko tsaga, domin a kan itace da dutse suke karta tsoffin baƙaƙensu. Da rubutun Roma ya iso, sai suka ci gaba da amfani da tasu, ita ce ta zama “write” ta yau. Kalmar aro kuwa suka ba ta wani aiki: yanke hukunci, ƙayyade wa mutum abin da ya wajaba a kansa. Wannan ma yana da tushe a Latin, gama a wurin Romawa abin da mai mulki ya rubuta ya zama doka. A tsofaffin waƙoƙin Ingila ana samun kalmar da ma’anar hukuncin da Allah yake yanke wa mutum.

Daga baya Turanci ya sake aron kalmomi daga wannan tushe na Latin, kamar “scribe”, marubuci, da “Scripture”, Nassi Mai Tsarki, da “prescription”, takardar magani da likita yake rubuta wa majiyyaci. Mu riƙe ta ƙarshen nan a zuciya, za mu komo gare ta.

3. Yadda rubutu ya zama tuba

A ƙarnonin farko na Ikkilisiya, wanda ya yi babban zunubi bayan baftisma, kamar kisan kai, ko zina, ko musun bangaskiya, a fili yake yin tubansa, wani lokaci shekara da shekaru, kafin Bishop ya maido shi cikin tarayya. A wurare da yawa sau ɗaya tak ake ba mutum wannan zarafi a duk rayuwarsa, har mutane suka riƙa jinkirta tuba sai sun ga mutuwa ta matso.

A gidajen sufaye na ƙasar Ayilan, ƙasar da daga baya ta aiko mana da firistoci masu yawa, wata al’ada ta taso a ƙarni na 6. Mai zunubi yakan je wurin firist a kaɗaice, ya faɗi laifinsa, a ba shi aikin tuba, yana kuma iya komowa duk sa’ad da ya sake faɗuwa. Ba kowa ne ya yi na’am da wannan nan da nan ba: taron bishop-bishop na Toledo a ƙasar Sifen ya yi tir da irin wannan maimaita tuba a shekara ta 589. Amma sufaye irin su Waliyyi Kolumbanus, wanda ya rasu a Italiya a shekara ta 615, suka kai al’adar ƙasashen Turai, a hankali ta zama hanyar da Ikkilisiya duka take bi.

Domin kada kowane firist ya yanke abin da ya ga dama, sai aka rubuta littattafan tuba, inda aka jera zunubai da aikin tuba na kowane. A Ingila, inda Waliyyi Agustin ya sauka a shekara ta 597 da umurnin Paparoma Giregori Babba, littafin da ya fi shahara shi ne wanda ake dangantawa da Tiyodo, mutumin Tarsus garin Bulus Manzo, wanda ya zama Babban Bishop na Kantabari a shekara ta 668 ya kuma rasu a 690. A cikinsa, alal misali, wanda ya yi maye har ya yi amai, in ɗan Ikkilisiya ne kawai kwana 15 zai yi na tuba, in sufi ne kwana 30, in firist ne kwana 40. Girman matsayi, girman alhaki. To, sa’ad da firist ya duba abin da yake rubuce ya ƙayyade wa mai tuba kwanakinsa, wace kalma za ta fi dacewa da wannan aiki? Sai “scrifan”. Ta haka kalmar rubutu ta shiga ɗakin ikirari. Masu wa’azin Ingila kuma suka haye da ita zuwa ƙasashen arewacin Turai, shi ya sa a harshen Denmak har yau “skrive” rubuta ne, “skrifte” kuwa yin ikirari.

4. Takardar likita

Mai karatu yana iya zaton waɗannan littattafai kundin tara ne irin na kotu. Marubutansu dai da maganin rai suke kwatanta su, ƙa’idarsu kuma ta likitocin zamanin ce: a warkar da cuta da kishiyarta. Mai yawan surutu a ba shi shiru, mai haɗama a ba shi azumi, mai yawan barci a ba shi tsaron dare cikin addu’a, wanda ya ƙwace na wani ya mayar. Watau aikin tuba takardar magani ce da aka rubuta domin wannan majiyyaci da wannan ciwo.

Babban Taron Lataran na Huɗu, wanda Paparoma Inosan na Uku ya kira a Roma a shekara ta 1215, ya ƙarfafa wannan fahimta. A dokarsa ta 21 ya umurci kowane mai bi da ya kai shekarun hankali ya yi ikirari aƙalla sau ɗaya a shekara wurin firist nasa, ya kuma karɓi Tarayya Mai Tsarki a lokacin Ista. Dokar ta kwatanta firist da gwanin likita mai zuba ruwan inabi da mai a kan rauni, kamar Basamariyen nan na Luka sura 10, ta kuma hana shi tona abin da ya ji, ko da baki ko da alama. Wajibcin ikirarin manyan zunubai sau ɗaya a shekara da asirin ɗakin ikirari duka suna nan cikin Dokokin Ikkilisiya na shekara ta 1983.

Abu biyu za su nuna mana yadda kalmar ta yi saiwa a rayuwar mutanen Ingila. Na fari, a tsohon Turanci ɗaya daga cikin sunayen faris shi ne “scriftscir”, watau gundumar mai sauraron ikirari. A idonsu iyakar faris ita ce iyakar mutanen da firist ɗaya ya san raunukansu yake kuma yi musu magani. Na biyu, a farkon ƙarni na 13 an rubuta wa wasu mata uku ’yan’uwan juna, waɗanda suka keɓe kansu domin addu’a, wani littafin ja-gora mai suna “Ancrene Wisse”. Kashi guda na littafin a kan “shrift” yake, ya kuma lissafta halaye 16 na ikirari nagari. Daga cikinsu: mutum ya zargi kansa kada ya ɗora wa wani, ya faɗi duka, ya faɗa tsirara ba tare da yi wa zunubi ado da kalmomi ba, ya yi da sauri kada ya jinkirta, ya yi da tawali’u, ya yi da bege, ya kuma yi tunani tun kafin ya zo. Shekaru kusan 800 sun wuce, amma katikis na yau ba zai ƙara da yawa a kan wannan ba.

5. Talatar ikirari

Yanzu sunan da muka fara da shi ya fito fili. Tiyodulf, Bishop na Oliyan a Faransa, wanda ya rasu a shekara ta 821, ya umurci firistocinsa cewa mako guda kafin Azumi jama’a su yi ikirari, su karɓi aikin tubansu, masu gāba da juna kuma su sulhunta. An juya wannan umurni zuwa tsohon Turanci wajen shekara ta 1000. Hikimar a bayyane take: a ga likita tukuna, a karɓi takardar magani, sa’an nan a yi kwana 40 ana shan maganin. Tun wajen ƙarni na 15 aka riƙa kiran kwanakin nan “Shrovetide”, lokacin ikirari, ranar ƙarshe kuma “Shrove Tuesday”. A ranar akan kaɗa ƙararrawar coci domin kiran mutane zuwa wurin firist.

Azumin zamanin yana da tsanani, gama ban da nama an hana cin ƙwai, da madara, da man shanu, da kitse. Domin kada abin da ya rage a gida ya lalace, mata sukan kwaɓa gari da ƙwai da madara su soya da mai a ranar Talatar. Wannan soyayyen abinci shi ne “pancake”, wanda sunansa ya iso mu ya zama fanke. Faransawa kuwa ta gefen maiƙon suka raɗa wa ranar suna, “Mardi Gras”, Talatar kitse.

6. Gajeren ikirari

Wuri na biyu da kalmar ta ragu a Turancin yau shi ne furucin nan “short shrift”. Ma’anarsa ta asali ita ce ɗan gajeren lokacin da ake ba wanda aka yanke wa hukuncin kisa domin ya yi ikirari kafin a kashe shi. Ran 13 ga Yuni, 1483, Ricad, ƙanin marigayi Sarki Edwad na Huɗu, wanda ba da daɗewa ba ya hau gadon sarauta da sunan Ricad na Uku, ya sa aka kama wani babban bafade mai suna Hestins a tsakiyar taron majalisa a Hasumiyar Landan, aka fille masa kai a ranar ba tare da shari’a ba. Waliyyi Tomas Mor, cikin tarihin wannan sarki da ya rubuta wajen shekara ta 1513, ya ba da labari cewa Ricad ya rantse ba zai ci abincin rana ba sai ya ga an cire kan mutumin, saboda haka Hestins ya kama firist na farko da ya samu ya yi gajeren ikirari, gama ba a yarda masa da dogo ba. Shekspiya ya ɗauki labarin ya sa a wasan kwaikwayonsa game da wannan sarki, ta haka furucin ya yaɗu. Shi Tomas Mor ɗin ma an fille masa kai kusa da wannan hasumiya a shekara ta 1535 saboda amincinsa ga Ikkilisiya.

Tun daga ƙarni na 19 furucin ya samu sabuwar ma’ana. In an ce an ba mutum “short shrift”, ana nufin an sallame shi da gaggawa, ba a saurare shi ba, an yi masa rikon sakainar kashi. Kalmar da aka haifa domin sauraro ta koma sunan rashin sauraro.

7. Yadda kalmar ta tsufa

Dalilai biyu suka tsufar da ita. Bayan da Nomawan Faransa, watau mutanen Nomandi, suka ci Ingila da yaƙi a shekara ta 1066, kalmomin Faransanci suka kwararo cikin Turanci, har “confess” da “penance” suka zo suna gasa da tsohuwar kalmar. Duk da haka ta ci gaba da rayuwa ɗaruruwan shekaru a bakin talakawa. Abin da ya raunana ta ƙwarai shi ne canjin addini na ƙarni na 16. A shekara ta 1534 Sarki Henri na Takwas ya raba Ikkilisiyar Ingila da Roma. Shi kansa ya riƙe ikirari a dokarsa ta 1539, amma bayan mutuwarsa littafin addu’a na 1549 ya mai da ikirari wurin firist ganin dama, daga baya kuma aka cire tuba daga jerin sakramentin bishara. Da mutane suka daina zuwa, bakinsu ya daina bukatar kalmar.

Ƙararrawar dai ba ta daina kaɗawa ba, sai dai aka sake mata suna, ta zama ƙararrawar fanke, ranar kuma yawancin mutanen Ingila suna kiranta ranar fanke. A garin Olni mata sukan yi tseren mita kusan 380 riƙe da kaskon suya. Mutanen garin suna cewa al’adar ta faro a shekara ta 1445, sa’ad da wata mata ta ji ƙararrawar ikirari tana cikin suya, ta sheƙa coci da kaskonta a hannu. An farfaɗo da tseren a 1948, kuma a ƙofar coci yake ƙarewa, a bi shi da sujada mai ɗauke da tsohon sunan. Ko a wasa, ƙafafun masu gudu suna tuna inda ƙararrawar take kira.

8. Abin da za mu ɗauka

Da fari, aikin tuba da firist ya ba ka magani ne, sai a sha shi da gaskiya. Ba ya sayen gafara, gama Almasihu ya riga ya biya; Bulus Manzo a Kolosiyawa 2:14 ya koya mana cewa takardar bashin da take tsaye gāba da mu an shafe ta, an kafe ta a kan gicciye. Amma zunubi yakan bar rauni a cikinmu da ɓarna a wurin maƙwabci. Wanda ya ci kuɗin zumunta, ko ya matsar da iyakar gona, ko ya ɓata sunan ’yar’uwa a unguwa, addu’ar da aka ba shi farkon magani ce. Cikonsa shi ne ya yi kamar Zakka na Luka sura 19, ya mayar da abin da ya ƙwace.

Na biyu, kada mu jinkirta. Ɓarawon da aka gicciye tare da Ubangiji ya yi ikirari mafi gajarta ya kuwa sami Firdausi, domin kada kowa ya fid da zuciya. Amma Hestins ya fita gida da safe yana bafade mai faɗa a ji, kafin a ci abincin rana ya zama gawa. Ba wanda aka yi wa alkawarin ko da gajeren lokacin nan. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Na uku, mu firistoci da katikis da iyaye, kada mu ba kowa “short shrift” irin na yau. Wanda ya tattara ƙarfin hali ya zo ya buɗe cikinsa ya cancanci kunne mai haƙuri. Likitan da bai saurari majiyyaci ba, maganin wani zai rubuta masa.

Na huɗu, mu tsare al’adunmu kada su zama ɓawo. Ana iya cika coci ran Larabar Toka, kowa ya fito da toka a goshi, alhali layin ikirari bai kai mutum goma ba. In muka ci gaba da haka, jikokinmu za su gāji sunaye su rasa ma’anarsu, kamar yadda ya faru da wannan kalma.

Tambayoyi domin tattaunawa a zumunta da cikin iyali

1. Waɗanne ma’anoni uku kalmar “shrive” take da su, wace ce kuma mafi tsufa?
2. Me ya sa kakanninmu cikin bangaskiya suka sa ikirari kafin Azumi ya fara?
3. Akwai wanda nake gāba da shi da ya kamata mu sulhunta, ko abin wani da yake hannuna da ya kamata in mayar, kafin Larabar Toka?

Bari Ubangiji, Likitan rayukanmu, wanda ya ba manzanninsa ikon gafarta zunubai a yammacin ranar tashinsa daga matattu, ya ba mu zuciya mai tuba da ƙafa mai saurin amsa kira. Amin.